Ramzin Faifan Bidiyo: Suna da Tsari a Matsayin Sashe na Bincike

A lokacin da nake tattara bayanan kundin digirina na biyu, wanda ya shafi waƙoƙin aiki na mata da kirarin masunta a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, na dawo Sakkwato da katunan kyamara guda uku cike da ɗauka. Wani dare na zauna zan haɗa ɗan taƙaitaccen fim da zan nuna a taron ƙara wa juna sani, sai na kwashe abin da ke cikin katunan duka na zuba a folda ɗaya. Kwamfuta ta tsaya ta tambaye ni, ta ce akwai fayil mai irin wannan suna, ko a maye gurbinsa? Gajiya ta sa na amsa mata da e, kuma na ce ta yi haka ga duk sauran. Ban san cewa irin kyamarar da na aro takan koma ƙirga daga farko duk lokacin da aka sa mata katin da aka wanke ba, ta yadda kowane kati yana da nasa 00000.MTS da 00001.MTS da 00002.MTS. Washegari na wanke katunan domin in mayar da su ga mai su. Sai bayan mako biyu na gane cewa ɗauka goma sha ɗaya sun tafi, kuma a cikinsu har da ta wata tsohuwa da ta rera mini waƙar niƙa a wani ƙauye na ƙasar Rabah, tana durƙushe a gaban dutsen da ta ce tun na aurenta ne.

Na kawo wannan labari ne domin shi ya sa na fara kallon wani abu da muke ɗauka ƙaramin aiki ne. Ra'ayina shi ne, kwashe faifan bidiyo daga kyamara, da sanya masa suna, da tsara shi kafin a fara tacewa, sashe ne na hanyar bincike, daidai da kafa hujja da madogara. Ya kamata sassan koyar da Hausa su koyar da shi a darasin dabarun bincike, su kuma riƙa tambayar ɗalibi a kansa ranar da yake kare kundinsa.

Abin ba baƙo ba ne a al'adarmu ta ilimi. Mawallafan waƙoƙin ajami na ƙarni na goma sha tara sun saba rufe waƙa da ramzi, wato haruffan da idan aka lissafa ƙimarsu za su ba da shekarar Hijira, wani lokaci kuma su ambaci sunansu a baitocin ƙarshe. Da yawa daga cikin waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, an san shekarunsu ta wannan hanya, kuma hakan ya taimaka wa Jean Boyd da Beverly Mack wajen jera ayyukanta bisa tsarin lokaci a kundin da suka fitar a 1997. Masu kwafar littattafai ma sukan rubuta sunansu da na mai littafin a shafin ƙarshe. Malaman hadisi kuwa sun gina fanni sukutum a kan tambayar wa ya ji daga wa. Mutanen da suka rubuta da tawada da alƙalamin kara sun fahimci cewa magana takan rasa rabin ƙimarta idan ta rabu da mai ita da lokacinta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗi kuma ya rasu a can a 1837, ya bar rubuce-rubucen da har yau ake iya jingina su gare shi. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya shiga Wurno a watan Afrilu na 1853 zamanin Aliyu Babba, kuma mun san haka ne saboda yana rubuta kwanan wata a littafin tafiyarsa. Abin kunya ne a ce mun san watan da wani Bajamushe ya shiga Wurno shekaru ɗari da saba'in da suka wuce, amma ɗalibin da ya je garin bara da kyamara ba zai iya faɗar ranar da ya ɗauki hirarsa ba.

A fagen waƙar baka ma, tsarin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka yana neman manazarci ya fara da salsalar waƙa da shekarar haihuwarta kafin ya shiga turke da salo. Duk wanda ya yi aiki a kan waƙoƙin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya san wahalar da ke cikin wannan mataki na farko, domin kaset ɗin da suka iso gare mu kwafi ne na kwafi, da yawa ba su da ko rubutu a jikinsu, kuma da suka hau intanet kowa ya laƙaba musu sunan da ya ga dama. Mukan yi ƙorafi a kan waɗanda suka gabace mu saboda wannan. To amma mu da muke da waya mai agogo da kalanda a aljihu, irin gadon da muke shirin bar wa na baya bai fi nasu tsari ba, sai dai ya fi yawa.

Me ya sa wannan yanki ya fi buƙatar kulawa

A wasu wurare, wanda ya ɓatar da ɗauka yana iya komawa ya sake. A gabashin Sakkwato ba kullum hakan ke yiwuwa ba. Tun hare-haren da aka kai ƙauyukan gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah a daminar 2018, jama'a da yawa sun bar gidajensu. A ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane masu yawa. A watan Satumba na wannan shekarar gwamnati ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi goma sha huɗu na jihar. Ƙauyen da ka shiga bana ka tarar da mata suna daka a tsakar gida, baɗi kana iya samunsa kufai, mutanensa sun watsu tsakanin Gandi da Sakkwato da ƙetaren iyaka. Ɗaukar da aka yi a irin wannan wuri shaida ce da ba ta da ta biyu.

Ko da babu matsalar tsaro, abin da muke ɗauka yana ƙarewa da kansa. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa daga yawancin gidaje, waƙar da ke tafiya da shi kuma tana bakin tsofaffi kawai. Hausa ba ta cikin harsunan da ake jin tsoron mutuwarsu, shi ya sa ba kasafai manyan cibiyoyin adana harsuna na duniya ke waiwayarmu ba, mu ma ba a taɓa tilasta mana koyon ƙa'idojinsu ba. Amma harshe yana iya zama da rai alhali wasu rassan adabinsa suna mutuwa.

Sannan wuri da lokaci suna sauya ma'anar abin da aka ɗauka. An kammala dam ɗin Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, kuma ya sauya yadda ruwa ke zuwa da tafiya a fadamun da ke ƙasa da shi har zuwa Wurno. Kirarin masunci da ke ambaton dam ba zai girmi wannan shekara ba, ko kuma tsohon kirari ne aka yi wa sabon ƙari, wanda shi ma abin nazari ne. Hirar da aka yi da manomin tafarnuwa a Wurno kafin ambaliyar 2010 da wadda aka yi bayanta ba za su ba da hoto ɗaya ba. Mai nazarin karin harshe kuwa ya fi kowa buƙatar sanin ƙauyen, domin Sakkwatancin da ake ji a Rabah yana sauya launi yayin da mutum ke matsawa wajen Sabon Birni da Isa, ƙasar Gobirawa. Idan aka ce masa faifan daga gabashin Sakkwato yake kawai, an ba shi abin da ba zai iya kafa hujja da shi ba.

Inda ake yin ɓarna

Yawancin asarar ba a fagen bincike take faruwa ba, a kan tebur take faruwa, cikin awa ɗaya ta farko bayan an dawo. Kyamara da waya ba su san abin da suka ɗauka ba, lamba kawai suke bayarwa. Wata ta rubuta MVI da lamba, wata DSC, wata IMG. Wayoyi da yawa suna sanya kwanan wata a cikin suna, amma wannan ya dogara ne da ingancin agogonsu, kuma kyamarar da batirinta ya mutu ta kwana biyu a ƙauyen da babu wuta tana iya farkawa da wata shekara dabam. Katin da aka tsara da tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait huɗu, saboda haka kyamara takan yanka doguwar hira gida biyu ko uku ba tare da ta sanar da kowa ba. Idan waɗannan gutsattsarin suka rabu, sai a sami tsoho yana ba da amsa a wani fayil, tambayar kuma tana wani.

Babbar hanyar da ɗaukarmu ke lalacewa a yau ita ce WhatsApp. Ɗalibi ya aiki ƙaninsa ko ɗan rakiyarsa ya ɗauko masa bikin kamun kifi, shi kuma ya turo ta waya. Manhajar takan matse bidiyon ta rage ingancin hoto da sauti, ta sauya masa suna, kuma kwanan watan da ke jikin sabon sunan na ranar da aka karɓa ne. Bayanan da kyamara ta ɓoye a cikin fayil na asali yawanci ba sa biyo shi. Ga mai son kallo babu laifi. Ga wanda zai saurari tsawon wasali ko faɗuwar karin sauti a bakin tsohuwar da ba ta da haƙora, an riga an cuce shi.

Akwai kuma abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba game da manhajojin tace hoto irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve. Idan ka shigar da faifai cikinsu, a bisa al'ada ba kwafinsa suke yi ba, hanyar da za su bi su same shi kawai suke riƙewa. Ranar da ka sauya sunan fayil ko ka matsar da folda, sai manhajar ta ce ba ta ga faifan ba, aikin mako guda ya tsaya. Haka ELAN take, manhajar da Cibiyar Max Planck ta Nijmegen ta samar domin ɗora rubutu a kan sauti da bidiyo daƙiƙa bayan daƙiƙa: fayil ɗin rubutun yana neman bidiyonsa ne da suna. Ma'anar wannan ita ce, suna abu ne da ake sanyawa sau ɗaya, kafin a buɗe kowace manhaja, kuma ba a sake taɓa shi.

Tsarin da na koma bi bayan asarata ba shi da wani sirri. A daren da na dawo daga ɗauka nakan kwashe katin gaba ɗaya, da dukkan foldodin da ke cikinsa, zuwa folda tasa ta kansa, ba na tsinto fayil ɗaiɗai. Sai in sake kwafi a rumbun ajiya na biyu, in buɗe wasu daga cikin faifan in tabbatar suna tafiya har ƙarshe. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da ke lissafa wa kowane fayil wata lamba tamkar zanen yatsa, su gwada ta asali da ta kwafi, kuma sun fi ido aminci. Ba na wanke kati sai abin da ke cikinsa ya zauna a wuri biyu. Masu ɗaukar hoto suna da ƙa'idar kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari dabam. A ƙasar da ke da zafin bazara da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona caja, wannan ba tsanani ba ne. Wanda ya dogara ga ajiyar intanet kaɗai kuwa, watannin da aka yi babu sabis a 2021 sun isa su ba shi amsa.

Abin da ya kamata suna ya ɗauka

Na gwada sunaye masu tsawo da ke bayyana komai, na dawo daga rakiyarsu. A yanzu abu huɗu kawai nake sanyawa: kwanan wata, da alamar wuri, da lambar mai magana, da lambar ɗauka. Misali, 2023-02-14_WRN03_M07_02 yana nufin ɗauka ta biyu da aka yi da mai magana na bakwai, a wuri na uku na ƙasar Wurno, a ranar da aka ambata. Ana fara kwanan wata da shekara, sai wata, sai rana, domin kwamfuta ta jera faifan bisa tsarin lokaci da kanta. Sauran bayani duka yana cikin rajista, wato jadawali guda da kowane faifai ke da layinsa: sunan ƙauye da gunduma, shekarun mai magana da sana'arsa, inda ya tashi, wanda ya yi tambaya, wanda ya riƙe kyamara, su wa ke wurin, da abin da aka ɗauka. Nakan ƙara ranar Hijira da yanayin shekara, domin mutanen da muke hira da su da watan Azumi da bayan Sallar Layya da lokacin cirar albasa suke lissafi, kuma idan ka koma da tambaya da wannan za su tuna.

Dalilina na farko na cire bayanin abin da aka ɗauka daga cikin suna shi ne, rarrabewa hukunci ne na ilimi, hukunci kuma yana sauyawa. Abin da na kira kirari a daren farko, bayan wata shida na gane take ne da makaɗi ke yi wa wani gida, masuncin yana maimaitawa ne kawai. Da na rubuta kirari a jikin sunan, da sai dai in zauna da kuskure ko in karya mahaɗin fayil da rubutunsa. A rajista kuwa gyara layi ɗaya ne.

Dalili na biyu zai fi sosa ran malaman ƙa'idojin rubutu. Haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma mun daɗe muna faɗa da ɗalibai a kansu. A yau kwamfuta tana iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, amma faifai yana yawo tsakanin na'urori iri-iri, daga kwamfutar ɗalibi zuwa ta shagon buga takardu zuwa tsohuwar na'urar sashe, kuma a wani wuri haruffan sukan rikiɗe su koma alamomin da ba a karantawa. Wanda ya nemi kalma da k ba lallai ya ga wadda aka rubuta da ƙ ba. Abokin aiki a Maraɗi ko Yamai zai rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Idan kuma aka ce a zubar da lanƙwasar, sai a faɗa wani ramin: fayil mai suna wakar-daka, waƙar daka ce ta turmi da taɓarya, ko waƙar ɗaka ce da ake yi a cikin ɗaki? A aikina duka biyun suna nan. Ko sunayen garuruwan ba su tsira ba, ga Rabah da Raba, ga Goronyo da Gwaranyo, ga Sokoto da Sakkwato. Mafita ita ce a bar sunan fayil ga lambobi da haruffan da kowace na'ura ta sani, a kai ingantacciyar Hausa cikin rajista inda take da wurin zama. Ban ga wannan a matsayin sassauci ga ƙa'ida ba, domin lambar da ke bayan littafi a laburare ma ba jimla ba ce.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi ya bambanta halinmu da na mai bincike a wurin da ke zaman lafiya. A yankin da kalmar infoma ke iya jawo wa mutum kisa, sunan mutum da na ƙauyensa a jikin fayil haɗari ne. Waya tana iya faɗawa hannun da ba a so a kan hanya, a buɗe ta a ga sunan wane na ƙauye kaza yana magana da baƙo a gaban kyamara. Wanda ya buɗe ba zai tsaya ya saurara ya ji cewa zancen kamun kifi ake yi ba. Saboda haka lamba ce ke zama a jikin fayil, takardar da ke fassara lambar zuwa suna kuma tana zaune a gida, a kulle, ba ta tafiya tare da faifan. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin kiyaye su, amma tun kafin doka, amana ce tsakaninka da wanda ya shimfiɗa maka tabarma.

Akwai wata ƙaramar al'ada da nake ganin ta fi duk waɗannan sauƙi da amfani. Da zarar na kunna kyamara, kafin kowa ya yi magana, nakan faɗi kwanan wata da alamar wuri da lambar mai magana da bakina, sannan in tafa hannu sau ɗaya domin daidaita hoto da sautin rikoda. Masu shirya fim suna yin irin wannan da allo. Amfaninsa shi ne bayanin ya shiga cikin faifan kansa, ko an sauya suna, ko an tura ta WhatsApp, ko rajista ta ɓata, yana nan. Shi ne mafi kusa da ramzi a cikin abin da muke yi, sai dai namu a farko yake zuwa.

Abin da za a ce, da abin da nake nema

Na san wasu malamaina za su ce wannan aikin mai tace hoto ne, a kai wa yaran shago su yi. Mai tace hoto ya iya yanka da haɗawa, amma bai je ƙauyen ba. Bai san cewa matar da ke faifai na tara kishiyar ta faifai na huɗu ce ba, kuma waƙarta amsa ce ga waccan. Bai san cewa tsohon da ya yi shiru na minti biyu ba mantuwa ya yi ba, wani ne ya shigo zauren. Shi zai yanke shirun domin fim ya yi daɗin kallo. Abin da manazarci ya sani a daren da ya dawo, rabinsa zai gushe cikin wata guda, kuma babu wanda zai iya rubuta shi a madadinsa.

Za a kuma ce ɗalibanmu ba su da kuɗin rumbun ajiya biyu, wasu ma ba su da kwamfuta. Wannan gaskiya ne, kuma ban raina shi ba. Sai dai suna ba ya cin ko kwabo, rajista kuma ana iya yin ta a littafin rubutu na makaranta da biro. Abin da ke buƙatar kuɗi shi ne ajiya mai ɗorewa, wannan kuwa bai kamata a bar wa ɗalibi shi kaɗai ba tun farko. Muna da wuraren da suka san darajar takarda: Gidan Arewa a Kaduna tun 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya rage shi ne a ɗauki faifan bincike da irin matsayin da aka ba rubutun hannu. Ma'ajiyar ELAR, wadda ta fara a SOAS ta Landan a 2002 ta koma Balin a 2021, ba ta karɓar ɗauka sai da cikakken bayaninta, kuma tana ba mai ajiya damar ƙayyade wanda zai iya gani. Wannan mataki na ƙayyadewa shi ne zai warware fargabar tsaro da na ambata, ta yadda za a adana abu ba tare da an baje shi a kasuwa ba.

Abin da nake nema daga sassanmu bai fi ƙarfinsu ba. A ware mako biyu a darasin dabarun bincike a zaunar da ɗalibai gaban kati da kwamfuta su yi abin da hannunsu. A sa duk kundin da ya dogara da ɗauka ya zo da rajistarsa da kwafin faifansa na asali, sashe ya ajiye. A daina karɓar madogara irin ta hira da wani dattijo a Goronyo, a nemi lambar faifai da mintin da maganar take, yadda ake neman shafi a littafi. Mai jarrabawa na waje ya sami ikon cewa a kunna masa faifai kaza a minti na goma sha biyu ya ji da kunnensa. Ina zaton wannan kaɗai zai rage yawan baitocin da ake gyara wa kari su koma Kananci a kan hanyarsu daga bakin mai waƙa zuwa shafin kundi, matsalar da kowa ya san da ita amma ba mai iya kamawa saboda ba a jin asalin. Kuma idan faifai yana da tsari, mayar da kwafi ga mutanen da aka ɗauka yana zama abu mai yiwuwa. Jikan masunci yana da haƙƙin jin muryar kakansa fiye da kowane mai jarrabawa.

Daga waƙar tsohuwar nan ta ƙasar Rabah, abin da ya rage mini daƙiƙa arba'in ne da ɗan rakiyata ya ɗauka da wayarsa daga gefe, ya turo mini ta WhatsApp bayan watanni. Ana jin ƙarar dutse fiye da muryarta, fuskarta kuma rabi ce ta fito. Na tambaye shi ranar, ya ce shi dai ya san bayan Sallah ne, bai tuna ƙarama ko babba ba. Da na nemi komawa, aka ce mini mutanen ƙauyen sun tashi, ita kuma ta rasu a inda suka yi gudun hijira. Na ba faifan lamba kamar sauran, na buɗe masa layi a rajista. Gurbin kwanan wata babu komai a ciki, kuma ban sa waƙar a kundin ba.